Garkata a Tsohon Turken Jakai

Shekarar da aka kawo ni Gure, miyar kuka muka sha tun daga kaka har bazara. Fara ce ta sauka wa mutane a damanar da ta wuce, ta cinye gero, ta bi kuɓewa da yakuwa ta lashe. Ko ganyen da mata kan shanya su ajiye don rani, babu wadda ta samu. Gidan da na shigo ba su rasa hatsi ba. Fatake ne, Damagarawa, kanwa da mangul suke saye hannun Mangawa su kai Nguru, inda jirgin ƙasa bai daɗe da isowa ba, su komo da dawa da tufafi. Tuwo dai akwai shi. Amma yau kuka, gobe kuka, jibi kuka, har ta kai in na ga ludayi sai raina ya ɓaci.

Ni kuwa ƴar Gidigir ce, ƴar mai garka, wato lambu. Da na buɗe ido a duniya ubana na gani tsaye cikin fangali da wasaki a hannu. Ban taɓa sanin akwai gidan da wata zai tsaya ya ɓata ba a ga ɗanyen ganye cikin tukunya ba. Saboda haka da wata damanar ta zo ta wuce, aka ɗaure dammuna, na ce a raina wannan rani ba za a maimaita shi da ni ba.

Masu magana a gidan ba su da yawa. Akwai Inna, uwar maigidana, gajeruwar tsohuwa mai kaifin ido, ita ke riƙe da gida tun rasuwar mijinta. Akwai yayan maigidana, wanda muke ce wa Yaya Babba, shi ke saye da ajiya a Gure, maigidana shi ke tafiya da kaya. Sai ƙanwarsu, bazawara, abokiyar wasata, mai baki kamar aska. Lokacin da nake ba da labari maigidana yana kan hanyar Nguru.

Wata safiya na tarar da Inna kan tabarma tana kaɗi, na durƙusa.

"Inna, wuri nake roƙo a tsakar gida, in yi ƴar garka."

"Garka? Cikin gida? Ke, nan kwari ne?"

"Ko shimfiɗar tabarma ce, Inna. Ruwan ni zan ɗauko da kaina."

Ashe Yaya Babba yana bakin zaure yana ji. Tsakanina da shi akwai kunya, ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na ɗaga ido in dube shi. Sai ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Gaya wa amarya, in wuri take so, ga gindin aduwa can kusa da randuna. Ga inuwa, ga laima, ga ƙasa baƙa wuluk. Ai baƙar tukunya ce ke fid da farin tuwo. Na ba ta."

Matan gida suka yi ta cewa madalla, an gode. Ni kuwa na san abin da ke ƙasa. Gindin aduwar nan, tun zamanin ubansu nan ake jibge kanwa kowace shekara. Shi kuwa Yaya Babba ya daɗe yana son ya mai da ajiyarsa kusurwar gida ta kudu, inda a da ake ɗaure jakai, ya fasa darni ya yi ƙofa, takarkarai, shanun ɗaukar kaya, su riƙa shigowa ta baya ba sai sun ratsa zaure da turamen mata ba. Kusurwar nan kuwa ita ce idona ke kai tun damana.

Na zauna gidan damana guda ina kallo. Gindin aduwa ko ƙarangiya ba ta fito ba, ƙarangiyar da ke fitowa har bisa hanya. In akuya ta tsinke igiya, ba ta nufin rumbu, can take zuwa ta kafa kai tana lasar ƙasa. Na taɓa dangwala da yatsa na kai baka, na ji ɗaci da santsi kamar ruwan toka. Baƙin nan da suke yabo, baƙin ƙuna ne, na san shi a gefen kwarinmu inda ubana ba ya ko sa hauya. Amma tsohon turken jakai, rukuɓu da gasaya suka cika shi har gwiwa ba wanda ya shuka, rana kuma na dukansa tun fitowarta.

Na matsa kusa da ƙanwar miji na ce a hankali, "Ce masa na gode, Allah ya ƙara girma. Amma turken jakai nake so."

Ta kwashe da dariya. "Yaya, amaryarmu ta ce ba ta son inuwarka, kashin jaki take so. Ashe abin da ake ci ke nan a Gidigir!"

"Ke dai ce masa ƙasar can ta sha kanwa."

Da ya ji haka sai ya juyo gaba ɗaya. "Kanwa? Kanwar da muke ba doki ya yi ƙiba? Wadda ake sa wa kunu, a ba mai jego? Abin da ke gyara cikin mutum shi zai ɓata cikin ƙasa? Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, zan shuka albasa a wurin, ta gani."

Inna ta ajiye mazari. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "To, ku saurara. Kusurwar nan tata ce har ranar da takarkarai za su iso da sabuwar kanwa. In kafin a sauke kaya na ci miya daga wurin, ta zama tata, ba mai sake tada maganar. In ban ci ba, a baje, kai ka fasa darninka."

Ranar ko hura ban tsaya sha ba. Na ɗauki dagi na je na haƙa rami in ga cikin ƙasar. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Mai kyan, wadda ta sha takin jakai, ba ta fi kaurin tafin hannu ba. Ƙarƙashinta rairayi ne zalla, irin wanda in ka zuba masa tulu guda kafin ka miƙe ya shanye. A garinmu fangali ƙasa ake yi da shi, a yi masa baki ya riƙe ruwa. In na yi haka nan, sai in kwashe mai kyan in shuka cikin rairayi. Sai na tuna abin da ubana kan yi a bakin kwari inda ƙasa ba ta da auki: tattaro ta yake yi ya tara.

Haka na yi. Na kankare ƙasar kusurwar kaf, na tara ta wuri guda. Na fita bayan gari da kwando na saro ƙasar suri, na daka ta a tsohon turmi, na cakuɗa don ta riƙe ruwa. Na ƙara da toka kaɗan da kashin awaki. Wuyana ya yi tsami da ɗaukar kaya, tafin hannuna ya yi kanta bisa kanta. Ƙanwar miji na zaune bakin ɗakinta tana tsifar kai tana cewa, "Wayyo yayana, ya tafi ya bar amarya, zai komo ya tarar da gara!" Ni kuwa in ce mata, "Gara ta fi ki, ita ko ba komi tana da ɗakin kanta."

Na ja tudu biyu dogaye, kowane kamar tsawon mutum, na miƙe su daga kudu zuwa arewa don rana ta ratsa su daidai. Na yi ƙarami a gefe na renon barkono. Na jera duwatsu da fasassun tukwane a bakinsu kada ƙasa ta zube. Na kwance ƙullin irin da uwata ta sa mini cikin kaya, alayyafo da yakuwa da rama, na yafa. Don kaji da awaki kuwa na saro ƙaya na rufe su. Safe da maraice ina kan hanyar rijiyar kwari da tulu, in zo in yayyafa da tafin hannu. Ruwan tsari ma da ake ba awaki, sai da na raba shi biyu da su.

Yaya Babba shi ma bai zauna ba. Ya sa aka sassare masa gindin aduwa, ya kakkafa ƴaƴan albasa, kullum da hantsi ya zo da butarsa ya tsaya yana zuba ruwa, babbar riga a saɓe.

Shukata ta fara huda ƙasa, jajaye-jajaye, ƙanana kamar kunnen ɓera, sai ga baƙuwa. Yayar Inna ce daga Kelle, tsohuwa tukuf, bisa jaki, ta daɗe rabonta da Gure. Ta shigo ana "wushe, wushe, lale marhabin", ta zauna ta sha ruwa, ta ce a ba ta buta za ta kewaya. Hanyar makewayi kuwa ta kusurwata take bi. Ina durƙushe a wurin, na ɗaura tsohon zane, ina yayyafa ruwa.

Sai na ji buta ta faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa da wa? Har da yaro? Wayyo ni, aka rufe su ba a aiko mini ba!"

Kafin in buɗe baki ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ta duba cikin gida ba ta ga maigidana ba, ta gan ni durƙushe cikin tsumma, shi ke nan ta gama lissafinta. Tana kiran sunansa tana faɗuwa tana tashi. Maƙwabta suka ji kuka, suka yo ca, mata na shigowa suna salati, wata har ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri, haka duniya take. Liman ya aiko a ji ko lafiya. Ƙanwar miji ta shige bayan rumbu ta toshe baki da zane, dariya na neman kashe ta.

Sai a lokacin na ja da baya na dubi aikina da idon baƙo. Tudu mai tsawon mutum, kai kudu ƙafa arewa, duwatsu a baki, ƙaya a bisa kamar yadda ake yi don kura, ga sabon ruwa an yayyafa. Mu na gida da muka ga ana tara shi kwando-kwando ba mu gani ba. Ni dai har gobe ina cewa aikina daidai yake, rana ba ta san gabas ɗin kushewa ba. Amma ido ya riga ya gani.

Da aka lallashi tsohuwa, mutane suka watse suna ƙunshe dariya, Inna ta kira ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ɗana yana kan hanya, tsakanin ɓarayi da kuraye, ke kina nan kina jera mini kushewa a tsakar gida? Wane irin fata ne wannan? Kafin rana ta faɗi a baje su."

Yaya Babba daga bakin zaure ya ce, "Ai dama."

Na durƙusa har goshina na neman taɓa tabarma. Irin da ke hannuna ya riga ya ƙare, in aka baje sai wata shekara, wata shekara kuwa kanwa ce a wurin. Na ce, "Inna, Allah ya tsare bakina da hannuna daga mugun fata. Ki ba ni zuwa faɗuwar ranar da kika ce. In kin zo kin ga abin da ya yi kama da kushewa, ni da hannuna zan baje."

Yayarta, da kunya ta kama, tana share hawaye ta ce, "Ki bar yarinya ta gwada mana. Ni ce idona ya tsufa."

Inna ta koma kan tabarmarta. Ta ɗauki mazarinta. A wurinta wannan izini ne.

Na tashi na tsaya kan tudun ina dubawa. Juya su ba zai yiwu ba, shuka za ta mutu. Sai Allah ya buɗe mini: ba tudun ne abin gyara ba, ramin da ke tsakaninsu ne. Na ɗauki kwando na ruga bayan gari. Ƙanwar miji ta ga ina haki, ta ce, "Kawo ɗaya kwandon, matar mamaci, kada ki bi shi." Ita da ko tulunta sai an roƙe ta, ranar ta ɗauki ƙasa har kitsonta ya yi ja. Muka cike tsakanin tudu da tudu, muka haɗe da ƙaramin, muka ja kusurwoyi huɗu. Duwatsun ciki na tsame su na mai da bakin waje, na bar masu faɗi a tsakiya wurin taka ƙafa. Ƙayar duk na kwashe na kai murhu, na kakkafa kara na kewaye wurin da ɗan shinge. Ko tsiro guda ban taɓa ba.

Da la'asar sakaliya Inna ta taso da sandarta, yayarta na biye. Suka tsaya. Abin da ke gabansu dakali ne mai faɗi, shimfiɗe kamar gadon ƙasa, ga jan tsiro jere a kai.

Ƙanwar miji ta ce, "Inna, in wannan kushewa ce, sai dai ta giwa."

Inna ta zagaya shi, ta zungura bakin da sanda ta ga bai zube ba. Ta ce, "Maganar takarkarai tana nan." Ta juya.

Ni kuwa na wayi gari da wurin shuka fiye da na jiya. Sabuwar ƙasar da muka cike na kakkafa mata albasa, daga ragowar ƴaƴan da Yaya Babba ya watsar bakin randa.

Tasa albasar ta fito, ba a ce ba ta fito ba. Ta yi tsinin allura, ta tsaya nan. Sai baki ya fara rawaya, ya bushe, ta kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara ruwa, ƙasar ta yi farin ɓawo a bisa. Ya ce kaji ne. Aka kulle kaji. Ya ce inuwa ce ta yi yawa, ya sa aka sare wa aduwa reshe. Daga baya dai muka daina ganin buta da hantsi, ba wanda kuma ya tambaya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne takarkarai su yi sammako. Shekarar tafkunan kanwa sun bushe da wuri. Ina cikin daka da hantsi sai na ji kukan shanu da hayaniyar Mangawa a ƙofar gida. Alayyafona a lokacin bai fi tsawon yatsa ba. Na leƙa na ga Yaya Babba ya fito da gatari, ya nufi darnin kudu, fuskarsa fal murna.

Inna ta ce, "Tsaya. Baƙi su sha ruwa, shanu su huta. Ba a sauke kaya sai an ci abinci." Ta dube ni. "Ke ce da girki yau."

Wanda bai tashi cikin garka ba, in ya ga shuka ƙanana sai ya ce babu abin ci. Ni kuwa da gangan na yafa iri da kauri, don a gidanmu abin da aka rage shi ne miyar farko. Na shiga da ƙwarya, na taka duwatsuna, na bi layi ina tsige na tsakani ina barin masu ƙarfi su sha iska. Alayyafo, yakuwa, rama, na ƙara da lawashin albasa. Kafin in kai ƙarshe ƙwarya ta cika ta yi tozo, garka kuwa kamar ba a taɓa ta ba, sai ma kyau da ta ƙara.

Na wanke, na yanka. Na daka daudawar batso da barkono da ƴar gyaɗa. Da yakuwa ta nuna tsami, na aika ƙanwar miji ta ɓantaro mini kanwa daga kayan da ke bayan wani takarkari, ta je tana shela: "Yaya, amarya ta ce a ba ta kanwa, wai yau ta samo mata wurin zamanta!" Na jefa ƴar ƙanƙanuwa, tukunya ta yi kumfa ta lafa. Na tuƙa tuwon gero, na zuba man shanu a kai. Ƙamshin ya fita har zaure, Mangawan suka daina magana.

Na kai wa Inna akushinta na durƙusa. Ta yi bisimilla, ta yanko loma, ta dangwala, ta kai baka. Ta tauna a hankali. Ta sake yankowa. Ba ta tsaya ba sai da ta ga gindin akushi, ta sa yatsa ta suɗe.

Yaya Babba ya shigo, ga alamar mai a gemunsa, don nasa akushin ma ya komo wayam. Ya ce, "Inna, ai wannan ba girbi ba ne. Jarirai ta tsige."

"Miya na ce. Na ce dami?"

"To amma kayan..."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

Ya sa hannu ya share gemu. Ƙanwarsa ta ce, "Har ƙari ya aiko nema, Inna, na ce ta ƙare."

Inna ta wanke hannu, ta ce, "Sauke kayanka inda ubanka ya saba saukewa. Wancan wuri na ƴar Gidigir ne, ita da abin da za ta haifa."

Na tashi na tsaya bakin shingena, hannu a ƙugu, ko kunyar da aka san ni da ita ranar na ajiye ta. Takarkarai suka shigo ta zaure ɗaya bayan ɗaya, mata na janye turame, suka wuce ta gabana zuwa gindin aduwa. Wani babban sa ya miƙo wuya zai kai baki bisa karana, na ɗaga muciya na buga masa a hanci, ya ja da baya. Mai shi, wani dattijon Bamange, ya tsaya ya daɗe yana kallon dakalin, ya tambaya da Barbarci wa ya yi wannan aiki cikin rairayi. Ban jira kowa ya amsa mini ba. Na ce masa da harshensa, da ƙarfi yadda na zaure za su ji, ni ce.